Gwangwala da Jan Ɗankwali

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan la'asar

Yau Malam Mahadi ya tara mu. Shi ne sabon shugaban da ciyaman ya kawo wa sashenmu na tsara gari, kuma tun zuwansa bai zauna ba, sai zagaye ofis yake yana buɗe durowa yana girgiza kai. Ya kafa farin allo, ya zana akwatuna da kibiyoyi: ga inda fayil ɗin mai neman izinin gini ke shigowa, ga teburin da yake kwana, ga teburin da yake yin wata. Daga mako mai zuwa, in ji shi, duk wanda ya kawo cikakken zanen gini, kwana uku ya karɓi izininsa. Aka yi tafi. Ni ma na tafa, don Allah ya sani fayil na yin barci a ofis ɗin nan har gara ta fara yi masa sallama.

Sai ya ɗauki jan alƙalami ya soke akwati guda. Akwatina ne.

Bari in rubuta abin da ke cikin akwatin, tunda an ce ba a rubuce yake ko'ina ba. Idan mutum zai yi bene a cikin unguwa, ni nake shiga gidajen maƙwabtansa, domin ni kaɗai ce mace a sashen, namiji kuwa ba ya wuce zaure. Baba Raufu, masinjanmu, sai ya tsaya a filin mai ginin da doguwar gwangwala da aka ɗaura wa jan ɗankwali a kai, ya ɗaga ta daidai inda taga za ta zauna. Ni kuma in tsaya tsakar gida, in je gindin murhu, in je inda ake shimfiɗa tabarma, in shiga makewayi, wanda kowa ya san ba shi da rufi. In na hango ɗankwalin, to wanda ya tsaya a tagar zai hango ni. Sai in ce, "Ina gani," a matsar da tagar ko a ƙara mata tsawo. Iyakar aikin ke nan. Ɗankwalin ma nawa ne, na cikin kayan lefena, rana ta koɗar da shi.

Na ce, "Yallaɓai, ba gwangwala ke riƙe fayil ba. Rashin mai a babur ne, da mutanen da ba su leƙo ofis sai Laraba."

Ya ce, "Hajiya Raudatu, nuna mani shafin da aka rubuta gwangwala a dokar gini, in maida akwatin yanzun nan."

Babu shafin. Wani tsohon shugaba ne ya fito da ita bayan an yi faɗa har da fasa kai a Bayan Tasha, tun kafin a ɗauke ni aiki. Na faɗa masa haka, ya yi murmushin wanda ya riga ya gama magana.

Baba Raufu na cikin waɗanda za a sallama ƙarshen wata. Da ya ji sunansa, sai ya ci gaba da goge tabarau da bakin riga.

Fayil guda ya rage a teburina na tsohon tsari, wanda ba ya fita sai na sa hannu. Na Alhaji Bature ne.

Talata, 8 ga Afrilu, da azahar

Mun je. Ban jira man ofis ba, ɗan acaɓa na hau, Baba Raufu ya biyo ni da gwangwala a kafaɗa.

Alhaji Bature dillalin masara ne. Zai ɗora bene a kan babban sitonsa na bakin hanyar Funtua, ya yi masauki don direbobi da masu zuwa saye daga kudu. Tagogin duka a baya ya sa, wai gaba hayaniyar tirela ta yi yawa. A bayan kuwa gidan Gwaggo Hajo ne, mai taliyar murji. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza suna can neman kuɗi, ita ce da surukarta da jikoki 'yan mata.

Na iske ta hannu duk fulawa, igiyoyi cike da taliya daga wannan katanga zuwa waccan. Ta ce, "Ɗiyata, mi ya kawo ki? Halan mai masara ne?" Ashe labari ya riga ni.

Baba Raufu ya ɗaga daga waje. "Hajiya, kina gani?"

Ina gani. A murhu ina gani. A bakin rijiya ina gani. Na shiga makewayi na tsugunna, na ɗaga kai, ga ɗankwalina yana yi mini gaisuwa. Da na fito Gwaggo ta nuna mini tabarmin da aka jingine, ta ce, "Da bazara nan muke kwana, ni da yaran ga. Ɗaki ba ya shiguwa." Ta koma kan injinta.

Ban hana shi gini ba. Na rubuta cewa manyan tagogi su koma gefen titi, na baya kuma a mai da su ƙanana, can sama kusa da rufi, yadda iska za ta shiga ido ba zai fita ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, bayan magariba

Malam Mahadi ya maido mini da fayil ɗin da kansa. Zane ya cika ƙa'ida, tazara tsakanin ginin da katangar maƙwabta ta cika, in sa hannu. Gaskiyarsa, a takarda komai ya cika. Ban sa hannu ba.

Maigidana, Baban Asma'u, shi ke riƙe da makullan siton Alhaji Bature. Na rubuta ne kawai don a sani. Wannan ba ruwansa da aiki.

Ya ci tuwonsa yau bai ce miya ta yi gishiri ba, bai ce ba ta yi ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da rana

Ban sa hannu ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan la'asar

Na dawo daga ofis na iske buhun masara a tsakar gidana, fara sol, wai gaisuwa ce daga Alhaji. Shekara nawa Baban Asma'u yana yi masa aiki, ban taɓa ganin gaisuwa ta biyo ta hannuna ba sai wannan makon. Na kira mai baro, na ce ya mayar masa har ƙofar sito. Da rana tsaka aka wuce da shi ta gaban masu shayi, lokacin da mutane ke fitowa daga masallaci. Iya, mahaifiyata, za ta ce da na bari maigidana ya dawo mun yi magana. To, ban bari ba.

Ya shigo bai yi sallama ba. Ya ce, "Kin san a bakin wa na ji? A bakin 'yan dako. Suna yi mani dariya a gaban Alhaji."

Na ce, "Su 'yan dakon, matansu a fili suke wanka?"

Sauran abin da ya faɗa ba zan rubuta ba. Ba don na manta ba.

Asabar, 12 ga Afrilu, da safe

Ina gidan Iya. Ɗakinta ya fi namu iska.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da hantsi

Na ce wa Iya gyaran rufi ake yi a gidanmu. Ta dubi akwatunana, ta ce, "Wanga rufi kam ya yi babbar ɓaraka." Ta miƙo mini koko. Asma'u tana makarantar kwana a Bakori, ba a faɗa mata komai ba, kuma ba abin faɗa.

Litinin, 14 ga Afrilu, da azahar

Sabon tsari ya fara. An fasa bango an yi 'yar taga ta karɓar takardu, an kawo kwamfuta, an liƙa ƙa'idoji a ƙofa da manyan baƙaƙe. Sabuwar takardar izini ba ta da gurbin sa hannuna. Na duba gaba na duba baya. Ba su roƙe ni ba, ba su yi faɗa da ni ba, kewaye ni kawai suka yi, yadda mai babur ke kewaye rami.

Aka ɗauki fayil ɗin Alhaji daga teburina aka sa shi a sabon layi. Takardar da na rubuta a kai, an cire ta an ajiye mini a ƙarƙashin kofina, a nannaɗe da kyau.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da rana

Izinin Alhaji Bature ya fita, tagogi a baya yadda yake so. Ni kuma an mai da ni ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, wai in tsara su. Ni da gara yanzu abokan aiki ne.

Ban sa hannu ba. Wannan dai ba wanda zai karɓe mini.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan la'asar

Akwai abin da ya ɓata mini rai yau, kuma sai na rubuta shi. Mudi, wani mai gyaran injin ban ruwa daga wajen Dayi, tun kafin azumi yake zarya don izinin shago ɗaya tal. Na san bencin da yake zama, na san yadda yake riƙe hula a hannu. Yau ya karɓi takardarsa. Ya tsaya tsakiyar ofis yana yi wa Malam Mahadi addu'a, ya ce bulonsa ba zai sake shan ruwan damina a banza ba.

Na ce amin daga cikin ɗakin gara. Da gaske na ce. Tsarin mutumin nan yana aiki, shi ne abin haushin. Da azzalumi ne ko rago, da na ji daɗin ƙinsa. Ba ya karɓar komai a hannun kowa, yana riga mai shara zuwa ofis. Abu ɗaya ne kawai: bai taɓa tsugunnawa a makewayi marar rufi ya ɗaga kai ba.

Asabar, 26 ga Afrilu, da yamma

Babur ya tsaya ƙofar gida, na gyara ɗaurin kallabi. Mai kawo wa Iya itace ne.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan azahar

Ranar Baba Raufu ta ƙarshe. An ba shi agogon bango da lemo, aka ɗauki hoto. A garin nan aka haife shi, uwarsa ce ta zo daga ƙasar Yarbawa da tallan atamfa, amma har yau in ya yi fushi da Yarbanci yake tsaki. Ya leƙo ɗakina yana jan gwangwala. A bayan ofis ya tsince ta, inda ake tara karyayyun kujeru.

Ya ce, "Hajiya, ga kayan aikinki. Mai gadi ya ce zai kakkaɓe mangwaro da ita."

Na ce, "Ina zan kai ta, Baba?"

Ya ce, "Inda kika kai kanki."

Na kai ta gidan Iya, na jingine ta bayan rumbu. Ban kwance ɗankwalin ba.

Asabar, 3 ga Mayu, da rana

Na je gidan Gwaggo Hajo, da ma ban je ba. Ginin ya kai linta, wato saman tagogi. Dama da dekin siminti Alhaji ya rufe siton, don haka ɗora bulo kawai ake yi. Ramukan tagogi suna nan a jere, birkiloli na zaune a ciki suna cin rogo, ƙafafunsu na lilo a saman gidan mutane. Ba laifinsu ba ne, inda aka ce su yi aiki nan suke yi.

Gwaggo ta ɗinka buhuna ta rufe tsakar gida da su daga katanga zuwa katanga. Tsofaffin buhunan masara ne da ta saya a kasuwa, kuma rabinsu da sunan Alhaji Bature a jiki da baƙin fenti. Duk inda ka ɗaga kai sunansa kake karantawa. Ciki kamar tanda. Taliya ba ta bushewa a inuwa, ta yi tsami, masu saye sun fara maido ta. Ƙananan yaran duk ƙurajen zafi a wuya. In ɗaya za ta yi wanka, sai biyu sun riƙe mata tabarma a sama.

Ta ce, "In na yaye buhu, a gan mu. In na bar buhu, mu rasa na tuwo. Ke da kika yi boko, wanne zan ɗauka?"

Alhaji ya aiko a tambaye ta ko za ta sayar da gidan, zai yi mata saye na mutunci. Ta ce wa ɗan aiken, "Ka ce mashi a wancan lungun aka wanke mijina. Nan za a wanke ni, kuma ba direba zai kalla ba."

Na fito ina kuka a titi, ni babbar mace da takardun makaranta. Ba kukan tausayi ba ne, na baƙin ciki ne.

Litinin, 5 ga Mayu, bayan la'asar

Ba aikin yi, sai na tsaya bakin ƙofa na karanta ƙa'idojin da aka liƙa, tun daga sama har ƙasa. Zane ya zama cikakke. Gini ya zama a kan filin mai nema. Kwana uku. Ba a fita duba wuri.

Na sake karantawa. Ba inda aka ce ga iyakar tsawon katanga.

Mai shara ta tambaye ni lafiya nake dariya ni kaɗai.

Talata, 6 ga Mayu, bayan magariba

Na zana. A kan faifan Iya na ɗora takardar, da tsohuwar rula ta tun ta makaranta. Katanga ɗaya ce, a cikin filin Gwaggo Hajo, a kan iyakarta, tsawonta daidai da rufin bene. Na sa mata ginshiƙai da harsashi mai zurfi, yadda ko injiniyan jiha ya gani ba zai samu abin gyara ba. In ta tashi, wanda ya buɗe tagar masaukin Alhaji ya miƙa hannu da kyau zai kusa shafa bulo. Ba rana, ba iska, ba kallo. Gwaggo ba ta rasa komai, don ranar wannan gefen bene ya riga ya cinye ta.

A gurbin mai zane na rubuta sunana cikakke. Ba ɓoyo nake yi ba. Ga inda zan sa hannu.

Laraba, 7 ga Mayu, da hantsi

Gwaggo ta ce, "Da mi zan gina ta, ɗiyata? Da taliya mai tsami?"

Na ce, "Ki dai kai takardar."

Ta sa mayafinta na zuwa suna, ta bi layi kamar kowa, ta miƙa ta 'yar taga, ta dangwala yatsa. Ina kallonta daga ɗakin gara. Ba ta dubi inda nake ba, tsohuwa ta iya.

Juma'a, 9 ga Mayu, kafin masallaci

Izinin katanga ya fita. Kwana uku cif, da sa hannun Malam Mahadi da hatimi. Allah ya ƙara wa sabon tsari albarka.

Lahadi, 11 ga Mayu, da yamma

Baba Raufu birkila ne kafin ya zama masinja. Jiya da sassafe ya kafa turaku, ya ja igiya, ya fara haƙa harsashi daidai ƙarƙashin tagogin, yana waƙarsa ta Yarbanci da ƙarfi don na sama su ji. Suka leƙo suka tambaya, ya ɗaga musu takardar izini.

Abin da ban shirya ba shi ne matan unguwa. Tun da hantsi suka fara shigowa, kowace da bulo a ka, wata ɗaya, wata ta koma ta ƙaro. Wasu na san gidajensu, na taɓa tsayawa a tsakar gidansu ina kallon sama. Wata ta ce mini, "Bayan namu gidan ma an fara sauke yashi."

Na ja Gwaggo gefe na ce mata gaskiya, bulon nan ko ƙugu ba zai kai ba, ni barazana kawai na yi nufi. Ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Ke ce mai barazana. Ni gini zan yi. Ko bulo ɗaya ne a wata, in ban ida ba jikokina su ida." Kunya ta kama ni. Na tuɓe takalmi na shiga ɗaukar ƙasa.

An ce Baban Asma'u yana tsaye ƙofar sito lokacin da matan ke wucewa. Ni ban tambaya ba, faɗa mini aka yi.

Litinin, 12 ga Mayu, da azahar

Yau na ci abincin rana da daɗi.

Tun daga bakin sakatariya ake jin muryar Alhaji Bature. Na buɗe ƙofar ɗakina kaɗan. Ya shiga ofishin Malam Mahadi babbar riga na jan ƙasa, bai zauna ba.

"Wane ne ya ba tsohuwar nan takardar toshe mani tagogi? Wa zai kama ɗakin da ba iska? Ku ba ku fita ku duba wuri kafin ku ba da takarda? Haka ake aikin hukuma, mutum na zaune ƙarƙashin fanka?"

Malam Mahadi ya ce, "Alhaji, zanenta ya cika ƙa'ida, kamar yadda naka ya cika."

"Ƙa'idar mi? Ina matar nan mai sanda? Da can ai zuwa ake yi a duba. A je a duba."

Na toshe bakina da mayafi har hawaye suka zubo. Mutumin da ya aiko mini da buhun masara don kada a duba, shi ne yau yake dukan tebur a je a duba.

Bayan ya fita aka kira ni. Zanen na gaban Malam Mahadi, yatsansa a kan sunana. Ya ce, "Kin yi wasa da ofis, Hajiya."

Na ce, "Yallaɓai, nuna mani layin da yake ƙarya, in janye shi yanzun nan."

Ya daɗe yana kallon allonsa. Ba wawa ba ne, ya gane tun kafin in rufe baki, shi ya sa ya fi ni jin zafi. Ya miƙo mini takardar tuhuma, in amsa kafin Juma'a. Sannan ya ce ya faɗa wa Alhaji in za a duba na Gwaggo to har nasa za a duba, kuma an dakatar da izinin duka biyu. Ya tambaya, ba tare da ya dube ni ba, ko gwangwalar tana nan.

Na ce tana nan, ba ta ci mangwaron kowa ba.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan la'asar

Sai na rubuta abin yau kafin ya huce.

Aka taru bayan sito: Malam Mahadi, mai unguwa, Alhaji da mutanensa, da 'yan kallo da ba wanda ya gayyata. Alhaji ya rantse daga tagoginsa ba a ganin komai sai rufin kwano, ya ce zai hau ya duba da idonsa. Mai unguwa ya ce, "A'a Alhaji, ai saboda kar namiji ya hau ya duba aka yi sandar." An sauko da birkiloli.

Baba Raufu ya miƙa hannu zai ɗauki gwangwala, Alhaji ya ce bai yarda ba, wanda ya haƙa ramin ba zai riƙe masa sanda ba. Ya waiga bayansa ya ce, "Ubaidu, kama."

Ban san maigidana yana wurin ba. Ƙarya nake yi, tun daga nesa na gane hularsa. Ya rame. Rigar ba a goge take ba. Ya karɓi gwangwalar, ya dubi ɗankwalin da ke kanta, ya ɗan tsaya. Shi ya zaɓo atamfar nan a kasuwar Funtua, yayyensa mata suna yi masa tsiya wai ja ya yi yawa. Na juya na shiga gidan Gwaggo.

Muka yaye buhuna. Rana ta faɗo tsakar gidan, yara suka runtse ido. Na tsaya gindin murhu. Ɗankwalin ya taso a hankali ta bayan katanga, yana karkarwa, don mai riƙon bai saba ba, har ya tsaya a bakin taga ta farko.

Ba wanda ya faɗa masa cewa mai riƙo ne ke tambaya. Sai na ji Baba Raufu yana raɗa masa. Sannan muryar da rabona da ita tun ranar buhun masara:

"Maman Asma'u, kina gani?"

Na ce, "Ina gani."

Na je bakin rijiya. "Kina gani?" Ina gani. Wurin tabarmi, ina gani. Na shiga makewayi na tsugunna. Wannan karon bai yi saurin tambaya ba, ina jin Baba Raufu ya faɗa masa inda nake. Da ya tambaya muryarsa ta sauka.

Na ce, "Ina gani." Na faɗa da ƙarfi, har masu shayi su ji.

Alhaji ya fara cewa ai mace ce take faɗin abin da take so, wa ya shaida. Sai na ji an katse shi, kuma ban taɓa jin mutumin nan ya katse Alhaji ba.

"Alhaji, ta ce tana gani. In ta ce tana gani, to tana gani."

Gwaggo Hajo ta dafa kafaɗata. Na ce mata hayaƙin murhu ne. Murhun ba wuta.

Aka yi ta ɗaga gwangwala sama har ta wuce inda idon mai tsayuwa a ɗaki zai kai. Daidai inda na rubuta tun farkon Afrilu, kusa da rufi.

Juma'a, 16 ga Mayu, da rana

An fara toshe tagogin baya, ana fasa na gefen titi. Alhaji ya gwammace hayaniyar tirela da katangar tsohuwa. Gwaggo ta shanya taliya a rana, ta ce bulon mata ba za a mayar ba, za a ɗaga katangar makewayi da shi.

Malam Mahadi ya sake zana akwatina a allo, ƙarami, a gefe. Bene kawai, kuma duk a cikin kwana ukun. Na ce in akwai mai a babur yini ɗaya ya ishe ni. Ya ce za a gani. Takardar tuhuma tana nan a fayil ɗina, ba a janye ba, teburina har yanzu a ɗakin gara yake. Baba Raufu ba a maido shi ba. Izinin bene nawa suka fita a makonnin nan ba a duba ba, ban sani ba, kuma ba wanda yake son in tambaya. Zan tambaya.

An ce an karɓi makullan sito daga hannun Baban Asma'u an ba wani. An ce.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Baban Asma'u yana zaure. A ƙafa ya zo, shi ya sa ban ji babur ba. Iya ta shigo da ɗankwalin a hannu, an wanke shi, an ninke, gugar ta karkace. Ta ce ya ce a ba ni, kuma yana son magana.

Ta ce, "Tashi mana, mutum na jira."

Na ce, "Iya, a sabon tsari kwana uku ake jira."

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ɗankwalin a kan cinyata ta fita, ina jin ta tana ce masa ya sha ruwa.

Zan fita. Akwai maganar da ya faɗa ran Juma'ar buhun masara, kuma sai ya ɗauke ta da bakinsa a gaban Iya kafin in taɓa akwati. Amma sai na ida wannan shafin tukuna, kuma a hankali nake rubutu.